Madatsar Ruwan Bakolori da Tarihin Raba Iko a Ƙasashen Talata Mafara, Bakura da Maradun

1.0 Gabatarwa

Muhawara a kan yadda ya kamata a raba iko tsakanin Gwamnatin Tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi tsohuwa ce a Nijeriya, domin ta girmi samun mulkin kai. Sai dai galibin masu tattauna ta sukan tsaya ne a kan sassan tsarin mulki da kason kuɗin da kowane hawa na gwamnati yake samu. Ba safai akan sauko ƙasa a dubi yadda al'amarin ya shafi manomi da gonarsa ba. Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin yi ke nan, ta hanyar bin tarihin ƙasashe uku maƙwabtan juna da ke bakin Gulbin Sakkwato a cikin Jihar Zamfara ta yau, watau Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Dalilin zaɓen waɗannan ƙasashe shi ne, a cikinsu ne Gwamnatin Tarayya ta gina madatsar ruwan Bakolori tsakanin 1974 da 1978, a cikinsu ne kuma aka zubar da jinin manoma a watan Afrilu na 1980 saboda rigimar da ta biyo bayan ginin. Za a duba inda ikon gona da ruwa da shari'a da tsaro yake kafin wannan lokaci, da yadda ya riƙa ƙaura yana nisa da jama'a, sa'an nan a duba abin da ƙirƙiro jihohi da ƙananan hukumomi ya mayar musu da abin da bai mayar ba. Ma'aunin da za a yi amfani da shi tambaya ce guda: shin wanda hukunci zai faɗa a kansa yana iya isa ga wanda ya yanke shi, ya kuma sa shi ya saurara?

2.0 Gulbi da sarauta kafin zuwan Turawa

Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajen Funtuwa a ƙasar Katsina, ya ratsa ta Gusau, ya biyo ta ƙasar Maradun da Mafara da Bakura, kafin ya haɗu da Gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato. Kowace damina yakan cika ya malala a kan fadamun da ke gefensa, ya bar musu laka da danshi. Saboda haka manomin wannan yanki da gona iri biyu ya dogara. Akwai ta tudu, inda yake shuka gero da dawa da wake da gyaɗa da auduga. Akwai kuma ta fadama, inda yake noman shinkafa da damina, in ruwa ya janye ya yi lambun albasa da tattasai da rake da taba, yana ban ruwa da jigo ko da ƙwarya. Masunta suna kamun kifi a cikin gulbin da tafkunan da ambaliya ta bari, makiyaya kuma suna saukowa da shanunsu fadama da rani.

Wannan rayuwa tana da ƙa'idojinta, harshen Hausa kuma ya adana sunayensu. Mutum yakan mallaki gona ta hanyar gado ko saye ko kyauta ko saran daji da iznin mai gari, yakan kuma riƙe ta wani ta hanyar aro ko haya ko jingina. Iyakar gona sananniya ce, gamba ko wata tsamiya ko ɗorawa ce take nuna ta, dattawan unguwa kuma su ne shaidu. In gardama ta tashi akan fara da mai unguwa, a wuce ga hakimi, a kai ga uban ƙasa ko alƙali. Ya kamata a lura cewa a ƙasar Sakkwato da Zamfara uban ƙasa ake ce wa wanda Kanawa suke kira hakimi, hakimi kuwa shi ne dagacinsu. Sha'anin kifi yana hannun sarkin ruwa, na makiyaya yana hannun arɗo.

Ta fuskar sarauta, waɗannan ƙasashe suna cikin tsohuwar daular Zamfara, wadda Gobirawa suka ci babban birninta a tsakiyar ƙarni na 18. Bayan jihadin da aka soma a 1804 sai suka shiga ƙarƙashin Sakkwato, kowace da sarkinta: Sarkin Mafara, da Sarkin Burmin Bakura, da Sarkin Kayan Maradun. Daular Usmaniyya kanta a rarrabe ikonta yake. Sarakunan ƙasashe su ne suke tafiyar da al'amuran yau da kullum, suna aika gaisuwa da dakaru Sakkwato, kowannensu kuma yana da ƙofa a fada, watau wani babba wanda ta hannunsa saƙo yake shiga yake fita. Ba kullum ne wannan zama yake tafiya lami lafiya ba. Alal misali, a farkon zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya hau a 1891, Mafara ta yi wa Sakkwato bore, aka kai mata yaƙi. Ke nan jan igiya tsakanin fada da ƙasashen gefe ya daɗe a wannan yanki tun kafin a san wani abu wai shi Nijeriya.

3.0 Zamanin En'e da Jihar Arewa

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sai suka tafiyar da mulki ta hannun sarakuna, tsarin da Hausawa suka sani da sunan En'e. An yanka ƙasa gunduma-gunduma, aka ɗora uban ƙasa a kan kowace, aka wajabta masa zama a cikinta da tara haraji da jangali. Daga baya aka kafa baitulmali, wanda daga cikinsa ake biyan albashin sarakuna da ma'aikata. En'e ta Sakkwato tana da 'yan dokarta da kotunan alƙalanta da gidan yarinta, tana da sashen gona da na daji, da makarantun elementare da ɗakunan shan magani. Talata Mafara da Bakura da Maradun gundumomi ne a cikinta.

Akwai abu biyu da ya kamata a riƙe game da wannan zamani. Na farko, hukumar da talaka yake hulɗa da ita tana kusa da shi. Mai karɓar haraji da alƙali da ɗan doka duk harshensa suke yi, a garinsa ko kusa da garinsa suke kwana. Na biyu, wannan kusanci bai hana zalunci ba, domin talaka ba shi ya zaɓi uban ƙasa ba, ba shi kuma da ikon tuɓe shi. Kukan aikin tilas da danniyar 'yan doka da cuwa-cuwar haraji shi ne ya sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo ƙudurin neman gyaran En'e a Majalisar Arewa a 1950, a shekarar ce kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a kan wannan kuka. Daɗin daɗawa, En'e ta Sakkwato faɗi gare ta ƙwarai. Harajin da aka tara a Mafara ko Maradun baitulmalin Sakkwato yake tafiya, a can ake yanke shawarar abin da za a yi da shi. Wannan na daga cikin tushen ƙorafin da daga bisani ya zama neman Jihar Zamfara.

A saman En'e akwai gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna. Tsarin mulkin 1954 ya mai da Nijeriya tarayya, ya bar wa jihohi uku na wancan lokaci ikon noma da filaye da lafiya da ilmin firamare da sakandare da sha'anin En'e-En'e, ya keɓe wa Ikko tsaron ƙasa da hulɗa da ƙasashen waje da kuɗi da kwastan da jiragen ƙasa. Jihar Arewa tana da hukumarta ta sayen amfanin gona, wadda ribar gyaɗa da auduga take shiga hannunta. Tsarin mulkin 1963 kuma ya tanadi a mayar wa kowace jiha kashi 50 cikin 100 na kuɗin ma'adinan da aka haƙo a cikinta. Saboda haka a farkon mulkin kai manomin Bakura yana iya shekara bai haɗu da Gwamnatin Tarayya ba, in ba a gidan waya ba, ko a tashar jirgin ƙasa ta Gusau ko Ƙauran Namoda.

4.0 Yadda iko ya tattaru a hannun Tarayya, 1966 zuwa 1979

Juyin mulkin 1966 shi ne mafarin canji. Dokar soja mai lamba 34 ta watan Mayu na wannan shekara, wadda Janar Ironsi ya soke tarayya da ita, ta gamu da tarzoma a Arewa, kuma Gowon ya janye ta da ya hau. Amma abin da aka ƙi karɓa a baki ɗaya, shi ne aka yi ta haɗiya loma-loma a cikin shekaru goma sha ukun mulkin soja. A 1967 aka raba ƙasa jihohi 12, Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma. A 1976 aka mai da su 19, aka sami Jihar Sakkwato. A ido wannan kusanto da mulki ne ga jama'a. Sai dai kowace sabuwar jiha ta fi wadda ta haife ta ƙanƙanta da rashin abin hannu, gwamnanta kuma hafsa ne wanda aka turo daga sama, yana karɓar umurni daga wanda ya turo shi.

Abu na farko da ya fita daga hannun En'e shi ne shari'a da tsaro. A ƙarshen shekarun 1960 kotunan alƙalai suka koma ƙarƙashin gwamnatocin jihohi, 'yan doka aka narkar da su cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya, gidajen yari kuma suka koma hannun Tarayya. Na biyu shi ne kuɗi. Tashin farashin man fetur daga 1973 ya cika baitulmalin Tarayya, a 1975 aka rage kason jihar da aka haƙo mai a cikinta zuwa kashi 20 cikin 100, a 1977 kuma aka maye gurbin hukumomin sayen amfanin gona na jihohi da na ƙasa baki ɗaya. Jihohi suka zama masu jiran kaso daga Ikko.

Na uku shi ne ruwa. A 1973, ana tsakiyar farin da ya addabi ƙasashen Sahel, Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima tare da takwararta ta Tafkin Chadi, a 1976 kuma ta faɗaɗa tsarin ya zama hukumomi 11 da suka game ƙasar duka. An ɗauko samfurin ne daga hukumar kwarin kogin Tenesi da aka kafa a Amurka a 1933, watau hukuma guda mai bin kogi daga mafari zuwa mashiga ba tare da kula da iyakar jiha ba. Waɗannan hukumomi ga ma'aikatar Tarayya suke ba da bahasi, babu gwamnan jiha ko majalisar ƙaramar hukuma da take da iko a kansu.

Na huɗu shi ne gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya shafe En'e, ya kawo tsari iri ɗaya ga ƙasar duka, ya mai da sarakuna masu ba da shawara kawai. Na biyar shi ne Dokar Filaye ta 1978, wadda ta danƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a, ciki har da bukatar Gwamnatin Tarayya. Diyyar da dokar ta tanada ta abin da ke kan fili ce, kamar gini da shuka da itatuwa, ban da ƙasar kanta. Tsarin mulkin 1979 ya rungumi wannan doka, ya kuma sa 'yan sanda da ma'adinai da ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a cikin jerin abubuwan da Tarayya kaɗai take da ikon yi wa doka.

5.0 Aikin Bakolori

Tunanin tare Gulbin Sakkwato ya girmi hukumar da ta aiwatar da shi. A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton binciken da ta yi a kwarin, ta ba da shawarar a fara da ƙaramar madatsa, a bi a hankali, domin kada a rushe tsarin noman da jama'a suka saba da shi. Da kuɗin mai suka samu sai aka bar wannan shawara. An ba da aikin ga kamfanin Impresit Bakolori, wanda gwamnati ta haɗa jari da wani reshen kamfanin Fiat na ƙasar Italiya aka kafa shi, kuma a wajen tsarawa aikin ya kumbura ya zama babbar madatsa guda da ƙaton filin noman rani na injuna. An fara gini a 1974, aka gama madatsar a 1978. Tsawonta ya haura kilomita 5, tafkin da ta tara yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ya kuma mamaye wajen hekta 8,000. Filin da aka yi niyyar shayarwa ya kai hekta 23,000.

Aikin ya taɓa jama'a ta fuska biyu. A sama da madatsar, wajen ƙasar Maradun, tafkin ya haɗiye ƙauyuka da fadamu, aka ta da mutanen da aka fi ƙiyasta su da kimanin 13,000, aka mayar da su sababbin matsugunai a kan tudu, inda ƙasar ba ta kai wadda suka baro albarka ba. A ƙasa da madatsar kuwa, wajen Talata Mafara da Bakura, an karɓi gonaki domin a baje su a haƙa hanyoyin ruwa, da alkawarin za a mayar wa kowa da tasa in an gama. Motocin katafila suka tumɓuke ɗorawa da kuka da tsamiya da kaɗanya, suka shafe iyakoki, a wurare da dama suka kwashe ƙasar sama mai taki. Manoma da yawa suka yi damina bayan damina ba su shuka ba. Da aka zo rabon fili sai gardama ta tashi a kan wane ne mai wace gona da kuma girmanta, domin shaidun da aka saba dogara da su, watau itatuwa da gamba, babu su. Wanda yake riƙe da gonar aro ko ta jingina bai san matsayinsa ba a cikin takardun hukuma. Bayan haka hukumar ta so ta riƙa faɗa wa manomi abin da zai shuka da lokacin da zai shuka shi, musamman alkama, wadda a da kaɗan ake nomawa a lambuna.

Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce da aka yanke a Mafara ko Bakura ko Maradun. Girman madatsa da wurin gina ta da yawan diyya da ranar biyanta, duk tsakanin Ikko da ofishin hukumar da kamfanin gini aka ƙulla su. Uban ƙasa da hakimi, waɗanda a da su ne ƙofar talaka, sun zama masu isar da saƙon da ba su da hannu a cikinsa. Sabuwar ƙaramar hukuma kuwa ba ta da ta cewa a kan aikin Tarayya. Hausawa suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Bakolori ba a tambayi mai ɗakin ba sai da aka gama rufi.

6.0 Rikicin 1980

Da mulkin farar hula ya dawo a watan Oktoba na 1979, manoma suka ga dama ta samu ta ɗaga murya. Suka riƙa tare hanyoyin da motocin aiki suke bi, suna hana ma'aikata shiga filaye, suna neman a biya su diyyar gonaki da itatuwa da damunan da suka yi hasara. A ƙarshen wannan shekara Gwamnan Jihar Sakkwato, Alhaji Shehu Kangiwa, ya gana da su, ya yi musu alkawarin duba kukansu. Amma hukumar da take riƙe da aikin ba tasa ba ce, asusun da za a biya diyya daga cikinsa ba nasa ba ne. Tsaikon ya ci gaba har cikin 1980, aiki ya tsaya cik. A ƙarshen watan Afrilu 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa ƙauyukan yankin, suka buɗe wuta, aka ƙona gidaje, aka kama mutane da yawa. Adadin mamatan da gwamnati ta bayyana bai kai 30 ba. Masu bincike da 'yan adawa na wancan lokaci, ciki har da Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, sun kai shi sama da 300. Bjorn Beckman, wanda shi ma ya koyar a Zariya, ya yi nazari mai zurfi a kan rikicin, ya nuna shi a matsayin karo tsakanin manoma a gefe guda da gwamnati da masu jari a ɗaya gefen.

Akwai wani darasi a nan wanda bai kamata ya wuce mu ba. Shugaban ƙasa na lokacin, Alhaji Shehu Shagari, ɗan Jihar Sakkwato ne, jam'iyyarsu ɗaya da gwamna, watau NPN. Ke nan mutanen Bakolori ba su rasa ɗan gida a kan kujerar mulki ba. Abin da suka rasa shi ne hukumar da take kusa da su wadda kuma take da ikon biyan bukatarsu. Wadda take kusa ba ta da iko, mai ikon kuwa tana nesa, kuma a ranar da ta matso kusa da bindiga ta zo.

7.0 Mutanen gangare da iyakar hujja

Kafin a yanke cewa maganin abin shi ne Tarayya ta cire hannunta daga sha'anin ruwa ɗungurungum, wajibi ne a dubi kashi na uku na waɗanda aikin ya shafa, watau mazauna fadamun da ke gangare, daga ƙarshen filin aikin har zuwa kusa da Sakkwato. Binciken da W. M. Adams ya yi a ƙauyukansu a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa tare gulbin ya rage ambaliyar da suka dogara da ita. Gonakin shinkafa da yawa suka koma na gero da dawa, lambunan rani suka ragu saboda ruwan ƙasa ya yi nisa, kifi ya yi ƙaranci har masunta suka riƙa ƙaura. Waɗannan mutane ba a lissafa su cikin masu karɓar diyya ba, domin ba a taɓa gonakinsu da katafila ba.

Da a ce jiha ce ko ƙaramar hukuma ta gina madatsar, da wuya halin mutanen gangare ya fi haka kyau. Misalin Tiga ya isa shaida. Gwamnatin Jihar Kano ce ta gina wannan madatsa a zamanin Audu Baƙo, aka gama ta a 1974, kuma ta rage ruwan da yake isa fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda wani sashensu yake wajen jihar. Gulbi bai san iyakar jiha ba. Ruwan da aka tare a Maradun, na mutumin Sakkwato ne da na Argungu aka rage. Saboda haka akwai aikin da babu mai iya yin sa sai hukumar da take sama da jihohi, watau raba ruwa da adalci tsakanin na sama da na gangare. Abin takaici a Bakolori shi ne, wannan aiki wanda shi ne haƙƙinta na gaskiya, shi Tarayya ta yi wa riƙon sakainar kashi, ta kuma tsunduma cikin wanda ba ta da masaniyarsa, watau iyakar gona da zaɓen iri da ranar shuka.

Abin da ya biyo baya ya ƙara fito da wannan. Mafi yawan filin Bakolori an tsara shayar da shi ne da na'urorin feshin ruwa masu bukatar wutar lantarki da kayan gyara daga waje. Da kuɗin mai suka ja baya a shekarun 1980 sai na'urorin suka lalace, hanyoyin ruwa suka cushe da laka da ciyawa, filin da ake nomawa ya koma wani ɓangare kaɗan na abin da aka tsara. A cikin waɗannan shekaru kuwa ƙananan injunan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi suka bazu a fadamun Arewa ta hannun shirye-shiryen raya aikin gona na jihohi, suka faɗaɗa noman rani da kuɗi kaɗan, domin manomi shi ne mai injinsa, shi yake yanke shawarar abin da zai shuka.

8.0 Bayan samun Jihar Zamfara

A ranar 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Zamfara mai ƙananan hukumomi 14, Talata Mafara da Bakura da Maradun kowace tana cikinsu da hedkwatarta. Wani abin sha'awa shi ne, kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan uku ya fitar da gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, da Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Jihar ta kuma nuna cewa tana iya amfani da ikon da tsarin mulki ya bar mata, kamar yadda ta yi wajen faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci daga 1999 zuwa 2000.

Duk da haka manyan abubuwan da aka tattara a zamanin soja suna nan inda aka kai su. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta ƙara tabbatar wa Tarayya ikon ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya, tsarin mulkin 1999 kuma ya maimaita jerin na 1979 a kan 'yan sanda da ma'adinai. Da ta'addancin 'yan bindiga ya tsananta, Gwamna Yari ya fito fili a 2018 ya ce sunan babban jami'in tsaron jiha da ake ba gwamna suna ne kawai, domin ba shi da iko a kan jami'an tsaro. A 2019 kuma daga Abuja aka ba da umurnin dakatar da haƙar ma'adinai a jihar. Ta ɗaya ɓangaren, yadda Tarayya ta riƙe jihohi haka jihohi suka riƙe ƙananan hukumomi ta hanyar asusun haɗin gwiwa da naɗa kantomomi, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su shugabance su. Abin lura, Gwamnatin Tarayya ce ta kai jihohi ƙara a wannan shari'a.

A Bakolori kanta an ga wani ɗan sauyi. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 domin gyara manyan filayen noman rani na Arewa, ya sa Bakolori a cikin wuraren aikinsa, kuma ginshiƙinsa shi ne kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, a danƙa musu kula da ƙananan hanyoyin ruwa da tara kuɗin gyaransu. Watau bayan shekara 45 an dawo kan shawarar 1969, cewa a tafi da manomi a cikin aikin.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da abubuwa uku. Na farko, tarihin waɗannan ƙasashe bai goyi bayan mai ɗokin komawa zamanin En'e ba, domin a lokacin hukuma tana kusa amma talaka ba shi da linzaminta. Na biyu, yawaita jihohi da ƙananan hukumomi daga 1967 zuwa 1996 ya kawo ofisoshi kusa da jama'a a daidai lokacin da kuɗi da ruwa da tsaro suke tafiya nesa da su, don haka ba daidai ba ne a ɗauki ƙirƙiro jiha a matsayin raba iko. Na uku, taƙaita ikon Gwamnatin Tarayya yana bukatar rarrabewa tsakanin aiki da aiki. Rabon ruwan gulbi tsakanin Zamfara da Sakkwato da Kabi, da lafiyar ginin madatsa, aikinta ne, kuma ya kamata a tsare ta a kansa. Iyakar gona da ƙimar itace da zaɓen abin shuka da gyaran ƙaramar hanyar ruwa kuwa, na waɗanda suke zaune a wurin ne, ta hannun hukumar da suka zaɓa, suke kuma iya saukewa.

Akwai sauran aiki a gaban masu nazarin harshe da al'adu. Dattawan da suka ga tashin ƙauyukan Maradun da baje gonakin Mafara da Bakura suna ta ƙarewa, tare da su kuma sunayen fadamu da tafkuna da kalmomin riƙon gona da na su suke tafiya. Ya kamata ɗalibanmu na manyan digiri su shiga waɗannan ƙauyuka su ɗauki bayanansu da bakinsu tun da sauran lokaci, domin mafi yawan abin da aka rubuta a kan Bakolori da Ingilishi aka rubuta shi, mutanen da abin ya faɗa wa kuwa da Hausa suka yi kukansu.